Ganuwar Kwali da Kwanon da Ya Dawo Wayam

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Matar asibitin ta zo ta tafi. Tun ranar Juma'a na roƙe ta kada ta ajiye motarta a gaban bulok ɗinmu, ta kai ta can wajen kwandunan shara ta tako da ƙafa. Ta ce to. Yau ga motar nan daidai ƙasan tagar maƙwabciyata Maman Prisca, da tambarin gwamnati ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa. Ei, Allah na gode maka.

Kullum da safe za ta zo, wai sai ta ga da idonta Baban Fauzia ya haɗiye ƙwayoyinsa. Mutum mai shekara hamsin da biyu, a tsaya a kansa kamar ɗan yaye. Braimah, bari in rubuta sunansa tunda takarda ba ta da baki, ya koma ƙaramin ɗaki da abin rufe hanci. An hana shi zuwa aiki, an hana shi masallaci, sai an ga yadda maganin ya kama shi. Ni da Fauzia an ɗebi jininmu ranar Alhamis, muna jiran sakamako.

Sunan ciwon ba zan rubuta ba. Tari ne, iyakar abin da zan ce ke nan.

A Aboabo, can Kumasi, muna yara, mijin Mma Jimmai mai koko ya yi irin wannan tarin. Aka ware masa kofi da kwano. Shi ya warke, ya ƙara shekaru ma, amma kokon Mma Jimmai bai warke ba. Mutane su gaishe ta har ƙasa, su wuce su saya a gaba. Har ta koma ga Allah ba wanda ya sake ci daga hannunta. Ni shekara goma sha ɗaya nake dafa wa mutanenmu na Greensboro, nan Amurka, abinci, suna, biki, sadakar arba'in. Duk wanda ya ci waakye mai daɗi, shinkafa da wake irin tamu ta Ghana, a garin nan daga tukunyata ya fito, ba yabon kai ba. Hajiya Ousseina ta riga ta ba ni girkin sunan jikanta, 'yarta Yasmina ta kusa sauka. Idan maganar nan ta fita na zama Mma Jimmai. Don haka ba za ta fita ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Fauzia ta dawo daga makaranta da takarda mai kalmomi ashirin, duk a kan Turawan da, na zamanin takobi da doki. Za a yi musu jarrabawa ƙarshen wata, kuma kowa zai gina gidan sarkinsu da kwali. Dokar babanta ce, duk kalmar da ta shigo gidan nan da Turanci sai an nemo mata 'yar'uwarta ta Hausa. Shi yana bayan ƙofa, aikin ya faɗo kaina ina tsaka da tsinkar ayoyo, wato lalo.

"Castle," ta ce. "Gidan babban mutum, all stone, da katanga ta zagaye shi."

"Ganuwa ke nan. Gidan sarki mai ganuwa. Sai me?"

"Moat. Rami ne a bayan katangar, da ruwa a ciki, don kada enemy ya ƙetaro."

Wannan ban san shi ba. Sai muka ji daga ƙaramin ɗaki, "Gwalalo!" Ko rufe baki bai yi ba tarin ya sarƙe shi. Na tashi da gudu na kunna famfon kicin, na buga murfin tukunya, don bangonmu da na Maman Prisca ɗaya ne, kuma bangon Amurka kwali ne da fenti.

Akwai serf, wai talakan da aka ɗaure da gona, ba shi da ikon barin ta, in gonar ta canja mai gida shi ma ya canja. Na ce kamar babanki da wurin aikinsa na Wendover. Akwai vassal, wanda ke durƙusawa ya sa hannuwansa cikin na sarki ya yi rantsuwa, sarki ya yanka masa ƙasa. Na ce bara ne, ko a ce yaron sarki, mu ma muna da su har gobe, sai dai yanzu ba ƙasa ake yanka musu ba.

Na aika wa Maman Prisca tuwon zafi da miyar ayoyo kamar kowace Talata. Yemima sunanta, 'yar Kagoro ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ƙofarta na kallon tawa. Shekara shida kwanonmu yana kai da komo. In na fasa yau za ta ce me ya faru.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Kwanon ya dawo wayam.

A bakin ƙofa na tsince shi, an wanke, an kife. Ba a ƙwanƙwasa ba. Shekara shida matar nan ba ta taɓa mayar min da kwano haka ba. Ko gwate, ko lemo biyu, ran da ba ta da komai sukari ƙwaya uku ta saka ta ce kada kwano ya tafi da kunya. Ko yarinya ƙarama ta san ba a mayar da kwanon maƙwabci ba komai a ciki, sai in ana so a ce masa kada ya ƙara.

Na sansana shi. Kamar warin abin wanke bayi nake ji. Fauzia ta ce sabulun kwanuka ne kawai. Me ta sani?

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ko ta ci, ko ta zubar?

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Na je shagon Hardi a Gate City sayen kanwa da busasshen kifi. Ina shiga ya ce, "Anti Assibi, yaya mai jiki?"

Na ce, "Wane jiki?"

Ya sosa ƙeya. "A'a, na ga kwana biyu ban ga Baba Braimah a asuba ba."

"An canja masa shift ne."

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Sauƙin me? Ana yi wa canjin shift addu'ar sauƙi? Sannan da ya gama ɗaure min kaya bai miƙo min ledar ba, a kan kanta ya ajiye ya ja da baya. Yaron da na dafa abincin bikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Waɗanda nake zargi: Maman Prisca, ita ce ta ɗaya, ta ga motar, kuma ta san harkar asibiti. Sai mijinta Malachy, mai surutu kamar rediyo. Sai matar Hardi, gwanar konkonsa, gulma ke nan, amma ita a ina za ta ji in ba a bakin wani ba? Duk hanyar da na bi, a ƙofar da ke kallon tawa take ƙarewa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Sakamako ya fito. Ni da Fauzia ba mu da komai, alhamdulillahi, sai dai za a sake gwadawa nan gaba. Na tambayi matar asibitin maganar girki. Ta ce abin nan a iska yake tafiya, ba ya bin abinci, ba ya bin kwano ko cokali, in dafa abina. Na ce ki je ki faɗa wa matan unguwarmu haka. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Na ninke takardar sakamakon na sa a ƙarƙashin tire. Yau Talata. Ban aika kwano ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Falo ya cika da kwali. Fauzia ta gina ganuwa kusurwa huɗu, ta yi hasumiya da kwalin tishu, ta yi wata gada a bakin ƙofa da zaren kitsona, in ta ja zaren gadar ta ɗaga ta rufe ƙofar. Ta yi kyau, gaskiya.

Kalmar yau clergy, wato limaman coci, da fada-fada, da masu zaman zuhudu. Na ce to, malamai ke nan. Sai ta juya takarda ta ce plague.

Na ce annoba. Na ce mu wuce.

Ba ta wuce ba, 'yar babanta ce, in ta ɗauko zance sai ta kai shi gida. Wai jiragen ruwa ne suka kawo ta, da ɓeraye, ƙuma ta ciji ɓera ta ciji mutum. Wai cikin mutum uku ɗaya ya tafi. Wai limaman sun fi kowa mutuwa don su ne ke shiga gidan marasa lafiya. Wai daga baya aka fara tsare jirgi kwana arba'in a bakin teku kafin kowa ya sauko, kamar mai jego.

"And Mama, mutane ba su san daga ina take ba, so sai suka fara zargin neighbors ɗinsu, wai sun sa guba a rijiya. Suka kashe mutanen da ba su yi komai ba."

"Na ce mu wuce, ko ba ki ji ba?"

Can ta ce a hankali, "Na Baba ba plague ba ne, right?"

Na ce Allah ya sauwaƙe, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Na ce babanta mura ce ta yi masa ƙarfi. Ta kalle ni irin kallon da yaran nan ke yi in sun san ƙarya kake. Na ji kunya, na shiga kicin na hau wanke tukunyar da ba ta da datti.

Limamansu suna shiga gidan mara lafiya. Namu ko leƙe.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na haɗu da Maman Prisca a bene, ta dawo daga aiki. Ta ce, "Maman Fauzia, kin ɓuya." Na ce lafiya lau, na wuce. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskarta ba ta gaya min komai ba. Wannan ya fi damuna.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Wayata ba ta yi ƙara ba tun Laraba. Da can sai na kashe ta in samu in yi salla.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi abin da ban ji daɗinsa ba.

Kalmar ita ce siege, a zagaye gari a hana shiga a hana fita har yunwa ta yi aikinta. Ƙawanya, in ji babanta ta bayan ƙofa. Fauzia ta ce malamarsu ta ce ba kullum ake rushe ganuwa ba, wani lokaci wani ne daga ciki yake buɗe ƙofa. Na ce ai mu tuni muka sani, da ɗan gari akan ci gari.

Ina faɗa sai na tsaya ina kallon ta. Motar makaranta ɗaya suke shiga da Prisca. Kujera ɗaya.

"Me kika gaya wa Prisca?"

"Nothing."

"Kalle ni. Me kika gaya mata a kan babanki?"

"Mama, wallahi nothing! Kin ce kar in faɗa!"

Na riƙe mata kunne. Na ce ta rantse da Alƙur'ani. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta rantse tana kuka, ta ce ta daina ma zama kusa da Prisca don kada bakinta ya suɓuce, Prisca tana fushi da ita. Babanta ya buga ƙofa daga ciki ya ce, "Assibi, ƙyale yarinyar nan." Muryarsa ba irin ta kullum ba ce. Na sake ta.

Ta shige ɗaki, ta bar gadar kwalin a ɗage.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Na kawo wa Braimah shayi, ina bakin ƙofa na ji yana waya ƙasa-ƙasa. Abin da na kama kawai shi ne, "A'a, ba ta sani ba tukuna." Da na shiga ya ce abokin aiki ne. Me ban sani ba? Ko likita ya gaya masa abin da ya fi wannan? Ya rame, amma yana cin abinci, tarin ma ya ragu sosai. Ya Allah, kada ka jarrabe ni da abin da ba zan iya ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yasmina ta sauka jiya, mace. Suna ranar Asabar. A group ɗin mata na gani, ba wanda ya kira ni. Na jiƙa wake, na fito da manyan tukwane, sai ga wayar Hajiya Ousseina.

Mun yi gaisuwa mai tsawo, na yi barka. Sai ta ce, "Assibi, maganar girkin nan, mun ce a bar ki ki huta. Hidima ta yi miki yawa a gida, voilà. Wata 'yar'uwarmu daga Charlotte za ta yi."

Na ce, "Wace hidima, Hajiya?"

"Haba, Assibi. Allah dai ya ba shi lafiya."

Na so in ce ina da takarda. Na so in ce ba ya bin abinci. Na ce na gode, Allah ya raya. Na ajiye wayar, na tsaya a kan waken da ya riga ya kumbura a ruwa, na yi kuka mai isata.

Ta tabbata. Kowa ya sani.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na ƙwanƙwasa wa Maman Prisca. Ta buɗe da kayan aiki a jikinta, ido ja don barci. Ban gaishe ta ba.

Na ce, "Maman Prisca, me na yi miki? In ba ki son abincina ki zubar, ba komai. Amma sai kin bi gari kin tona min asiri? Kin raba ni da sana'ata, hankalinki ya kwanta?"

Ta ce, "Ni?"

"Wa ke ganin motar in ba ke ba? Wa ya mayar min da kwano wayam?"

Ta ce, "Shekara shida, Maman Fauzia. Ran da aka yi min aiki ke kika yi min wanka. Yau ni kike gaya wa haka?" Ta mayar da ƙofarta a hankali, ko bugawa ba ta yi ba. Da ta buga da ya fi min sauƙi.

Mai gaskiya haka yake yi. Maƙaryacin da ya ƙware ma haka yake yi.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Braimah ya ji duk abin da ya faru jiya, bangon kwali ai ba ya ɓoye wa kowa. Yau ya kira ni, ya ce in zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Ki je ki ba matar nan haƙuri. Ni ne."

Ban gane ba. Ya ce tun ranar farko matar asibitin ta nemi sunayen waɗanda yake kusanta kullum, don a gwada su. Ya ba ta na wurin aiki, ya ba ta na mutum bakwai da suke sahu ɗaya da asuba. Ta ce za su neme su ba tare da an ambaci sunansa ba. Shi ne ya ce a'a, ya ɗauki waya da hannunsa ya kira Alhaji Mamane, mijin Hajiya Ousseina, ya gaya masa komai, ya ce ya tattara sauran su je da wuri. Liman ma ya sani, kullum sai ya kira shi. Wayar da na ji ke nan.

Na ce, "Kai? Ina nan ina buga tukwane don kada a ji tarinka, ashe ka riga ka yi shela?"

"Kafaɗata da ta Alhaji suna haɗe kullum, Assibi. Akwai mai ciki a gidansa. Jariri zai shigo. In yi shiru?"

"Ni fa? Ka tuna da ni? Ka tuna da tukunyata?"

"Na tuna. Shi ya sa na kasa gaya miki."

Na faɗa masa maganganu. Ba zan rubuta su ba. Ya bari na gama, sannan ya ce cikin mutum bakwai ɗin an samu ɗaya da ƙwayar abin a jikinsa, ba ta tashi ba tukuna, an sa shi a magani. Na ce wa? Ya ce ba zai faɗa ba ko zan yanka shi. Na tuna da Hardi da ledarsa a kan kanta, da yadda ya ja da baya. Ko daga ni yake gudu, ko ni yake karewa? Ban sani ba.

Na riƙe kunnen 'yata. Na ci mutuncin maƙwabciyata. Ashe mai buɗe ƙofar yana kwance a ƙaramin ɗaki ina kai masa shayi. Kuma abin da ya fi ci min rai, na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ya yi laifi ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Fauzia ta ci goma sha tara cikin ashirin. Na ba ta haƙuri, ta ce "it's okay" tana kallon gefe. Bai zama okay ba tukuna, na sani.

Na dafa waakye kaɗan, na zuba a kwanon nan dai, na tsaya a ƙofar Maman Prisca kamar mai jiran hukunci. Da ta buɗe na durƙusa. Na ce, "Na zalunce ki, ki yafe min don Allah." Ta bar ni a ƙasa na ɗan lokaci, hakkinta ne, sannan ta ce in tashi guiwata ba ta yara ba ce.

Ta ce tun makon farko ta sani, ta ji tarin, ta gane motar. Ko Malachy ba ta gaya wa ba. Tana jira ne in faɗa da bakina.

"Kwanon fa?"

Ta ce a wancan makon kwana uku ta yi tana double shift, ko ganin tuwon ba ta yi ba. Malachy ne ya cinye shi tas, ya wanke kwanon, ya kawo, yana ganin ya yi abin kirki. "Namiji ne, Maman Fauzia. Ya san ana sa wani abu a kwano?"

Mako uku ban yi barcin kirki ba saboda Malachy ya ji daɗin miyar ayoyo.

Ta wanke hannu ta ci a gabana, ta ce shito ɗin, wato miyar barkonon, ya yi yaji. Sannan ta ce, "Ranar Asabar ki dafa kula ɗaya ta gudummawa. Ni zan kai." Na ce ba za su ci ba. Ta ce ki dafa dai.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

An sallami Braimah daga ƙaramin ɗaki, gwaji uku a jere sun fito da kyau. Magani kam sai wata shida. Ya je Juma'a. Ya ce Alhaji Mamane ne ya matsa masa wuri a kusa da shi. Maza ke nan, sahu ya haɗa su an wuce wurin. Ni nawa sahun a kan tebur yake, gobe.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Maman Prisca ta ɗauki kular. Na sa ƙwai, na sa taliya, na sa gari, na sa wele, wato ganda, ban rage komai ba. Na so in liƙa takardar asibitin a murfin. Na fasa.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Tun daga yadda take hawo bene na san amsar, hannu biyu ta riƙe kular. Ta dire ta a kicin tana haki. Na buɗe. A cike take, sai wani gurbi a gefe ɗaya.

Ta ce ta ajiye ta a tsakiyar tebur ta buɗe murfin. Mata suna zuwa, su ce kai, ƙamshin waakyen Anti Assibi, Allah ya saka mata, su wuce su ɗebi shinkafar Charlotte. Sak Mma Jimmai. Ita kuwa ta cika faranti ta tsaya a tsakiyar falo ta ci, tana santi da ƙarfi don kowa ya ji.

Na dubi gurbin. Shekara goma sha ɗaya ina zuba abinci, na san ramin faranti ɗaya in na gan shi. Na ce, "Wannan ya fi na mutum ɗaya."

Ta ce, "Faranti biyu ne. Ɗaya nawa."

"Ɗayan fa?"

"Na shiga ganin jaririya, na fito na tarar an ɗiba. Ban ga ko waye ba."

Na sa ta rantse, ta ce ita ba ta rantsuwa, amma ba ta gani ba. Da na zo juye abincin sai na ga wata 'yar leda an cusa a gefen kular, ta ciki. Soyayyen naman suna ne, yanka huɗu. Ba a mayar min da ita haka nan ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Fauzia ta dawo da gidan sarkinta, yana kan firij, zaren gadar ya tsinke a motar makaranta. Ta ce in ba ta wani zaren, na ce sai na samu.

Waɗanda nake zargi: matar Hardi. Alhaji Mamane, amma maza a waje suka zauna. Yasmina, mai jego da yunwa, sai dai wa zai bari ta tashi? Hajiya Ousseina da kanta, ita kaɗai ke da ikon taɓa naman sunan, kuma ta san yanka huɗun da nake so, wajen haƙarƙari.

Ban sani ba. Cikin matan nan arba'in akwai ɗaya da ta ci daga hannuna, kuma sai na gano ta.

Na jiƙa wake.